Rabin Dutsen da Ba Hoto

Duk wanda ya yi noman taba ya san ba tsinkar ganye ce wahala ba, zurawar ce. Da sassafe ka tsinko, ka jibge a tsakar gida, sannan ka zauna ka bi ganyen ɗaya bayan ɗaya, kana huda shi da doguwar basilla kana tura shi kan igiya, har bayanka ya ƙage, danƙon ya mayar da yatsunka baƙi ƙirin. Aiki ne na hannu, kai kuwa zaman banza yake yi, kuma kai in ya rasa abin yi gulma yake nema. Shi ya sa matan unguwarmu, a ƙauyenmu da ke bayan garin Prilep, ba su yi wani dogon jaje ba ranar da sanyin ƙashi ya hana Ratka riƙe basilla. Tunda hannu ya ƙi aiki amma baki lafiyarsa ƙalau, sai suka ɗora mata karatu.

Littattafan daga rumfar mai jarida ta tashar mota take sayo su, takardarsu ta fi ganyen tabar laushi, a bangon kowanne akwai wata mace da rigarta ke neman zamewa daga kafaɗa. Labarin kuwa guda ɗaya ne ake canza masa suna. A ƙasar Ingila ta zamanin keken doki, wani basarake mai ɗaure fuska yana buƙatar mata don kada gidan gado ya kuɓuce masa, wata 'yar mutunci kuma tana buƙatar inda za ta sa haƙarƙarinta. Sai su yi yarjejeniya: aure a idon jama'a, ɗaki daban daban, ba ruwan kowa da zuciyar kowa. A yi ta jan rai, a yi ta harara a teburin cin abinci, sai a babin ƙarshe namijin ya durƙusa cikin ruwan sama ya amayar da abin da ke cikinsa. Kowace mace a wurin ta san da haka za a ƙare, amma ranar da aka zo babin nan ba ka jin ko tari, sai ƙarar basilla tana huda ganye.

A gidan Menka ake zaman, don rumfar inabinta ta fi ta kowa inuwa. Ita ma ba ta cika magana a kan littattafan ba, kuma kowa ya san dalili. Nata auren irin na littafin ne, sai dai babu keken doki.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan. Lokacin ta kusa talatin ba ta yi aure ba, tana jinyar ubanta a wani ƙauye na kan dutse. Da tsohon ya rasu, wanta ya sayar da gidan ya kwashi iyalinsa ya yi Ostireliya, ya bar ta da akwatin ƙarfe da keken ɗinki. A wannan shekarar Naum ya binne matarsa Luba, ta bar masa jaririya da ko zama ba ta fara ba. Wata gwaggo ta haɗa su a ɗakinta. Naum ya zauna yana murza hularsa, ya ce, "Ina da gida, ina da gona, ina da yarinya, hannu ne ba ni da shi. Ke kina da hannu, gida ne babu. In kin ga za ki iya, to." Menka ta ce za ta iya. Suka je ofishin ɗaurin aure ranar kasuwa, ba kiɗa, ba farar riga, ba mai hoto. Da yamma tana tsakar gidansa tana wanke zanen jaririya.

Kada wani ya ɗauka labarin wahala zan ba shi. Menka ta dace, kuma ita ce ta farkon faɗa. Naum ba mashayi ba ne, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai taɓa goranta mata rashin haihuwa ba. Yarinyar, Bisera, ta tashi tana kiranta Mama, yau tana aikin jinya a Jamus, duk ƙarshen wata sai ta bugo waya ta tambayi hawan jininta. Ɗaki daban daban ɗin ma bai kai sanyin farko ba, don itace tsada gare shi kuma murhu ɗaya ne a gidan. Sai dai Naum mutum ne da in ya ce maka "ba laifi" to ya kai ƙarshen yabo. A duk shekarun nan bai taɓa faɗa mata wata kalma da za ta nuna yarjejeniyar ɗakin gwaggo ta zama wani abu daban ba.

Ga kuma dutsen. A wurinmu in miji ko mata ya rasu, dutse mai rabi biyu ake kafawa a kan kabari. Rabi ɗaya na mamacin, da sunansa da hotonsa a ɗan farantin tangaran mai siffar ƙwai. Ɗaya rabin na wanda ya rage: a sassaƙa sunansa da shekarar haihuwarsa, a bar gurbin hoto, in ya ji tsufa ya kama shi ya je ya ɗauka da kansa a liƙa, don ba mai son 'ya'yansa su zaɓa masa hoton da ya fito kamar ɓarawo. Dutsen Luba haka yake. Ga ta nan 'yar shekara ashirin da 'yan kai da gashinta a tufke, ga sunan Naum a gefenta yana jira.

Duk ranar tunawa da mamata Menka ce ke zuwa da bokiti da tsumma da dafaffiyar alkama ta sadaka. Ta wanke rabin Luba, ta wanke rabin Naum, ta kunna kyandir. Ba ta taɓa jin haushin matar nan ba. Ta yaya za ta ji haushin wadda ta bar mata 'ya? Har labari take ba ta a ranta: yarinyarki ta ci jarrabawa, yarinyarki ta samu miji mai hankali. Amma in ta miƙe tana matse tsumma sai ta tuna dutse rabi biyu gare shi, ba uku ba. Ita ina za a sa ta? Maƙabartar ƙauyensu ciyawa ta cinye ta, ba sauran mai kunna wa kowa kyandir a can. Abin na cin ta, yana ƙara cin ta da ƙaruwar furfura, kuma ko Ratka ba ta taɓa faɗa wa ba.

Littafin da aka shiga a wannan bazarar ya zo da sabon salo. Saura babi kaɗan a gama, sai amaryar ta gaji da shirun basaraken, ta haɗa kayanta ta hau keken doki ta bar masa gidan. Ratka ta rufe littafin a daidai nan don mugunta, ta cire tabarau.

"Ke Ratka, Allah ya isa! Ƙarasa mana!" in ji wata.

"Maƙogwarona ya bushe, sai gobe. Ai ga gwanar fannin nan a zaune, ku tambaye ta." Ta juya wajen Menka tana 'yar dariya. "Ƙawata, faɗa mana tsakani da Allah, naki basaraken a babi na nawa ya durƙusa?"

Aka kwashe da dariya. Menka ba ta ɗaga kai daga basilla ba ta ce, "Naum? In ya durƙusa wa zai tashe shi? Ni dai ba da wannan bayan nawa ba."

"Kauce wa tambaya dai!"

"Ba kaucewa. Namu ba na littafi ba ne, 'yar uwa. An ce a riƙe yarinya a zura taba. Na riƙe, na zura. Na ci, na sha, na sa sutura. Wanda ya samu haka ya ce bai gode ba ai butulu ne."

Da an tsaya a nan da shi ke nan. Amma a kowane taro sai an samu mai bakin da ya riga hankalinta fita. Wata amarya da ba ta daɗe da zuwa unguwar ba ta ce, "Ai shi Kawu Naum an riga an rubuta babinsa na ƙarshe, yana can a maƙabarta kusa da ta farkon."

Ratka ta watsa wa yarinyar harara. Menka ta ce, "Gaskiya ta faɗa ai," ta miƙa hannu ta ɗebo wani ganyen. Sai a lokacin suka tuna Naum yana kan tsani a jikin bango, yana rataye igiyoyin da aka gama don su sha iska. Kullum nan yake a lokacin karatu, yana aiki yana ba su baya, har sun daina lissafa shi cikin masu kunne. Bai waiwayo ba. Ya ɗaure igiyar da ke hannunsa, ya sauko, ya shige rumbun kaya.

Washegari Menka da Naum suna gona su biyu, rana ba ta yi zafi ba tukuna, kowa ya sunkuya a kan kunyarsa yana tsinka. Can sai ta ji muryarsa daga bayan ganye.

"Matar nan ta littafin Ratka. Da gaske tafiya ta yi?"

Menka ta miƙe ta dafa ƙugu. "Au, ashe saurare kake yi?"

"Kunne ba shi da ƙofa ai. Me ya yi mata? Na ji ya ba ta gida, ya ba ta bayi, har doki ya saya mata."

"Bai faɗa mata ba."

"Bai faɗa mata me ba?"

"Abin da ake faɗa mana."

Ya ci gaba da tsinka. "Shekara nawa suka yi tare?"

"Ko shekara ba su rufe ba."

"Ko shekara!" Ya yi tsaki. "To ai raguwa ce."

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Suka ci gaba da aiki har suka cika kwanduna. Da rana aka karanta babin durƙuso, mata suka share hawaye da bayan hannu don yatsu duk danƙo ne, amma tsanin ba kowa a kai. Naum ya shiga gari. Bayan kwana biyu ya sake shiga, ya ce zai buga waya a gidan waya, bai ce wa ba.

Ranar Alhamis suna cin wake da burodi ya ce, "Jibi za mu Prilep. Zan ɗauki hoto."

"Na me?"

"Na dutse."

Cokalin ya yi mata nauyi a hannu. To, an zo wurin. Maganar yarinyar nan mai sakin baki ta tuna masa da abin da ya bari, zai je ya cike gurbinsa kusa da Luba. Ta ce, "To, Allah ya kai mu," ta tashi ta ɗauko farar rigarsa da baƙin kwat ɗin da ya sa a bikin Bisera, ta shanya su su sha iska.

"Ki sa shuɗiyar rigarki," in ji shi.

Ta ɗauka ba ya son a ga matarsa a birni kamar wadda aka tono daga gona. Ranar Asabar da safe ta yanka ɗanyen tumatir ta dirje yatsunta da shi har danƙon ya ragu, ta miƙa masa ragowar, ya ce shi ba hannunsa za a ɗauka ba.

A mota ta zauna jikin taga tana yi wa kanta faɗa. Me take nema ne? Mutumin nan shi ne duk sanyi yake ajiye takalminta kusa da murhu kafin ta tashi. Shekarar da aka yi mata aiki a ciki shi ya yi girki wata guda, girkin da kare ma sai ya yi tunani kafin ya ci, amma ya yi. Ranar da Bisera ta fara magana, maƙwabta suna ta shawarar ko Inna za ta riƙa kiranta ko Gwaggo, shi ya ɗaga yarinyar ya nuna Menka ya ce, "Ga mamarki." Ta shigo gidan nan da akwatin ƙarfe, ba ta da kowa, yau tana da 'ya, tana da jikoki, tana da rumfar da mata ke rububin zama a ƙarƙashinta. Wuri kusa da Luba alkawari ne da ya riga ta zuwa, kuma mutumin da ke cika wa matacce alkawari shi ne ya cika wa rayayye. Duk da haka zuciyarta ta yi mata zafi, ba ta ɓoye wa kanta ba. Ta dai ƙudura za ta ɗaura masa laƙataye a wuya da kyau, ya fito tsaf, kada Luba ta ce ba a kula mata da shi ba.

Shagon mai hoton yana bayan kasuwa, sama da mai gyaran agogo. Mutum ne mai tumbi da saƙon sigari a bayan kunne. Yana ganin baƙin kwat ya gane.

"Na fasfo ko na dutse, Baba?"

"Na dutse."

"Madalla, Allah ya ja kwana. Zauna nan, ka ɗaga haɓa, ka yi kamar kana jin wa'azi."

Menka ta gyara masa wuyan riga, ta kwantar da wani gashi da ya miƙe da ɗan yawu, ta karɓi hularsa ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Naum ya dubi kujerar, bai zauna ba.

"Ba ka da benci?"

"Benci kuma?"

"Na mutum biyu. Hoto ɗaya nake so, kawuna biyu a faranti ɗaya. Mai dutsen ya ce ana yi." Ya juya wajen ƙofa. "Ke kuma tsayuwar me kike yi a can da hula kamar 'yar rakiya?"

Menka ta dubi bayanta ko da wata yake. Ba kowa sai matakala.

"Naum, ban gane ba. Dutsen Luba fa?"

"Shi nake faɗa. Na je wurin mai sassaƙa, zai ƙara masa faɗi. Filin gefe ba kowa, na yi magana da limamin coci ya yarda. Na buga wa Bisera waya, don uwarta ce, sai da izininta."

"Me ta ce?"

"Kuka ta yi min, wai sai yanzu, Baba? Ta cinye min kuɗin waya da kuka." Ya ja laƙatayen kamar yana shaƙe shi. "Za a goge sunana daga inda yake a sa naki. Ke ce kusa da Luba, ni a ƙarshe, hoton a tsakaninmu."

"A'a, wannan wurinka ne. Matarka ce ta fari."

"Ki duba ni da kyau, Menka. Luba da ɗan saurayi mai baƙin gashi ta rabu. In aka ajiye mata wannan tsohon a gefe ai Baba za ta kira ni. Kuma abin da za ta fara tambaya Bisera ce. Yaushe ta yi haƙori, wa ya yi mata kitso ranar shiga makaranta, me ta sa ranar aure. Ni me na sani? Ina gona. Ke za ki ba ta labari."

Mai hoto ya ciro sigarin daga bayan kunne, ya duba shi, ya mayar. Ya janyo wani ɗan benci daga bayan labule.

Ƙafafun Menka suka kai ta bencin, ita dai ba ta san lokacin ba. Ta zauna da hular a cinya. Naum ya zauna a ɗaya ƙarshen, ya bar fili a tsakani da akuya za ta iya kwanciya.

"Baba, farantin ƙarami ne fa. Matso. Ƙara matsowa, ba cizo take yi ba. Yauwa. Ɗora hannu a kafaɗarta."

Hannun ya sauka a kan shuɗiyar rigar, baƙi ƙirin da danƙon taba. Naum yana kallon na'urar, gumi na bin gefen kunnensa, ya yi magana ƙasa ƙasa.

"Ni ba zan durƙusa ba, kin faɗa da bakinki ba mai tashe ni. Amma abin nan da mutumin littafin bai faɗa ba... to, kin dai ji."

"Ban ji komai ba," in ji Menka.

"Haba, Menka, a gaban mutane?"

"Ni kurma ne, Baba," in ji mai hoto daga bayan na'ura.

Naum ya daɗe yana neman kalmomin, kamar mai laluben allura a cikin buhu. Sannan ya ce, "Na gode miki. Ba don tabar ba, ba don yarinyar ba ma. Don ni. Tun sanyin farko nake son in faɗa, sai na ga kamar kin sani."

Ba ta sani ba, ko kuma ta sani amma ba ta yarda ta gaskata ba. Daɗi ya cika ta har ya rasa ta inda zai fita, sai ya fito ta ko'ina. Hawaye na zuba, dariya na girgiza ta, tana neman toshe baki da hularsa. Ta gode wa Allah, ta gode wa gwaggon da ta haɗa su, ta gode wa Luba, har yarinyar nan mai sakin baki sai da ta sa mata albarka a ranta.

Mai hoto ya leƙo ta gefen na'ura. "Inna, yi haƙuri ki ɗan saita fuska. A hoton dutse ba a dariya, mutane za su yi magana."

Ta yi ƙoƙari, ta matse leɓe, ta goge ido, dariyar ta sake ɓallewa. Naum ya juyo ya dube ta sosai, sannan ya mayar da fuska wajen na'urar.

"Ɗauka a haka," in ji shi. "Zaman zai yi tsawo, haka nake so ta kasance kusa da ni."